Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutata ta yi nauyi, in yi mata fomatin?

TAMBAYA: Ina da ɗan shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a Illela, kan hanyar da ta nufi boda. Da laftof ta hannu nake aiki, mai Windows 10, RAM ɗinta giga 4, faifan ajiyarta kuma giga 500. Da can lafiya lau take, amma yanzu in na kunna ta da safe, sai in share shago in shirya kujeru ba ta gama farkawa ba. Foldar da nake tara hotunan kwastomomi da takardun da na yi wa sikanin tana daɗewa kafin ta buɗe. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwafi zuwa filash: yana farawa da gudu, can tsakiya sai ya tsaya cak kamar ya mutu. Tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024 aiki ya ƙaru, ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwa, mutane na tsaye suna jirana har kunya ta kama ni. Wani yaro ya ce kash ne ya cika, ya sa mini manhajar share shi. Wani mai gyara kuma ya ce ba ta da magani sai fomatin. Me kuke ba ni shawara?

Daga wani mai karatu a Illela, Jihar Sakkwato.

AMSA: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ka yi fomatin tukuna, manhajar share-sharen nan kuma ka cire ta. Amma kafin ka taɓa komai, yau ɗin nan da ka tashi daga aiki, ka kwafe abubuwan da ba za ka iya jure rashinsu ba zuwa wani wuri dabam: samfurin takardun da ka sha wahalar tsarawa, lissafin shago, hotunan da kwastomomi ke dawowa neman ƙari. Na sa wannan a gaba ne domin ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa kwamfuta irin wannan nauyi shi ne faifan da ya kama hanyar mutuwa, kuma faifan da ke wannan hali ba ya son a wahalar da shi da gwaje-gwaje. A fara ceto kaya, bincike ya biyo baya.

Giga 500 a laftof ta hannu kusan kullum yana nufin faifai mai juyawa ne a cikinta. In da za a buɗe shi, za ka ga faranti mai sheƙi yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan siririn hannu da ke kai-komo a samansa yana karantawa yana rubutawa. Tsarin tsoho ne ƙwarai. Kamfanin IBM ne ya fito da irinsa na farko a 1956, da faranti hamsin da ba su ɗauki fiye da kimanin megabait 5 ba. An ƙanƙantar da shi, an ninka abin da yake ɗauka ninkin ba ninki, amma har gobe sai hannun nan ya tashi ya je inda bayani yake, sannan ya jira farantin ya juyo da shi. In fayil ɗaya ne babba da ke kwance a jere, faifan zai iya karanta kusan megabait 100 a sakan. In kuwa ƙananan abubuwa ne warwatse nan da can, da ƙyar ya cika buƙata ɗari a sakan. RAM ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, tana amsa miliyoyin buƙatu a wannan sakan ɗin.

Saboda wannan tazara ce aka ƙirƙiro abin da yaron ya kira kash. Ka dubi mai shagon tireda da sitonsa ke can bayan kasuwa. Ba zai riƙa zuwa sito duk sanda aka nemi ashana ko sukari ba. Abin da aka fi tambaya yana kan teburinsa, kuma in ya ɗauko kaya daga sito aka sayi rabi, ba ya mayar da sauran, yana barinsa kusa ko wani zai zo. Faifai shi ne siton, RAM ita ce teburin, kayan da aka bari a kan teburin su ne kash. Duk fayil ɗin da ka buɗe, Windows tana ajiye kwafinsa a sashen RAM da ba a amfani da shi, in ka sake nema ta miƙo maka daga nan. Shi ya sa Word ko CorelDraw ke daɗewa a buɗewar farko da safe, in ka rufe ka sake buɗewa sai ka ga ta faɗo nan take.

Wannan ajiya ba datti ba ce, kuma ba ta hana kowa wuri. Da zarar wata manhaja ta buƙaci RAM, Windows tana sakin abin da ta ajiye ba tare da ɓata lokaci ba. Manhajar da aka sa maka abin da take yi shi ne ta share teburin tas ta nuna maka babbar lamba cewa ta samo maka wuri. Kai kuma ka ji daɗi na minti biyu, sannan kowane abu da ka taɓa sai an koma faifai an ɗauko shi, a kan faifan da dama can shi ne mai jan ƙafa. Ga ita kanta manhajar zaune tana cin nata rabon RAM, wasu irinta ma har da tallace-tallace masu cinye maka data. Ina jin takaicin yadda irin waɗannan manhajoji suka cika kwamfutocin shagunanmu, domin masu sa su da kyakkyawar niyya suke yi, cutar kuma ba ta fitowa fili. Akwai wani kash ɗin dabam, na Chrome da makamantansa, wanda ke tara hotunan shafukan intanet a kan faifai. Shi ana iya share shi lokaci-lokaci in wuri ya yi ƙaranci ko wani shafi ya ƙi buɗewa daidai, amma ba shi ne ke hana foldarka buɗewa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne giga 4 ɗin nan. Windows 10 ita kaɗai, ba a buɗe komai ba, tana cin kusan rabinsa. Ka buɗe Chrome da shafuka biyar, ga WhatsApp na kwamfuta, ga Photoshop domin gyaran fasfo, to ba sauran wurin ajiyar wucin gadi ke nan. Daga nan abin da ya fi muni ke faruwa: Windows ta fara kwashe abin da ke cikin RAM tana zubawa a wani ɓoyayyen fayil da ke kan faifai mai suna pagefile.sys, in an buƙace shi ta dawo da shi ta fitar da wani. Hannun faifan ya rasa sukuni, ɗan fitilar gaban laftof ya kama wuta ya ƙi mutuwa, kai kuma ka danna abu ka zauna jira. Wasu kan ba da shawarar a kashe wannan fayil ɗin. Kada ka yarda. A kwamfuta mai giga 4, kashe shi na nufin manhajoji su riƙa rufewa da kansu da aikin kwastoma a ciki.

To yanzu sai awo, domin zato ba ya gyara inji. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. In kwamfutar daga tsallake ta shigo, ta Ƙonni, kana iya samun ta da Faransanci, sunan ya zama Gestionnaire des tâches, amma maɓallan da jerin shafukan duk ɗaya ne. Ka shiga shafin Performance ka bar shi a buɗe, ka ci gaba da aikinka yadda ka saba. Lokacin da nauyin ya zo, ka leƙa abu biyu. A ƙarƙashin Memory ka ga kashi nawa ake amfani da shi, da lambar da ke gaban Cached. A ƙarƙashin Disk ka ga Active time da Average response time, wato yawan lokacin da faifan ke cikin aiki da tsawon jiran kowace buƙata.

In Memory ta haura kashi 85 cikin ɗari, Cached ta zama 'yar kaɗan, faifan kuma yana kan kashi ɗari, ƙarancin RAM ne ke wahalar da faifan. Ka rufe Chrome ka gani. In abin ya lafa cikin minti ɗaya ko biyu, ka kama ɓarawon. In kuwa RAM na da sarari amma faifan na ta aiki yana karanta megabait masu yawa, akwai wata manhaja da ke ɗora masa kaya, za ka gan ta a shafin Processes in ka danna kan layin Disk ya jera su daga mai ci da yawa zuwa ƙasa. Hali na uku shi ne wanda nake tsoro: faifan na kan kashi ɗari, abin da yake karantawa bai kai ko megabait ɗaya a sakan ba, jiran amsa kuma ya kai dubbai. Lafiyayyen faifai mai juyawa yana amsawa ne cikin 'yan gommai na kason dubu na sakan. In lambar tana tsalle zuwa 2,000 ko 5,000 ba tare da wani aikin kirki ba, sau da yawa faifan yana ta maimaita karanta wurin da ya lalace ne.

Faifan kansa yana riƙe da tarihin lafiyarsa, ta wani tsari da ake kira SMART. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanto wannan tarihi. Ka sauke ta daga shafin masu ita, ba daga filash ɗin wani ba. In ta nuna shuɗi da kalmar Good, madalla. In ruwan ɗorawa ne da Caution, ka dubi layukan da ke da lamba 05 da C5 da C6. Na farko yana ƙirga wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu, na biyu waɗanda ake shakkarsu, na uku waɗanda aka kasa karantawa. Injiniyoyin Google sun fitar da wani bincike a 2007 a kan faifai fiye da dubu ɗari da ke aiki a cibiyoyinsu, suka gano cewa faifan da aka fara samun kuskure a samansa ya fi wanda ba a samu ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Binciken ya kuma nuna cewa faifai da yawa sun mutu ba tare da SMART ya yi ko tari ba, don haka shuɗin launi bai ɗauke maka ajiye kwafi ba. Ka haɗa da kunnenka. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas a jere, ko yake tsayawa ya sake tashi, ya riga ya yi maka sallama.

In ka ga ruwan ɗorawa, ka tsaya nan. Kada ka yi masa dogon binciken chkdsk mai bin kowane lungu, kada ka yi masa difirag, wato sake jera fayiloli, kada ka yi fomatin ka ɗora sabuwar Windows a kansa. Dukkansu aiki ne na sa'o'i da ke iya ƙarasa shi. Ka kwashe kayanka, mafi muhimmanci a farko, ka nemi wani faifan. Mai gyaran da ya yi fomatin a kan faifai mai ciwo zai miƙo maka kwamfutar tana ɗan motsi, bayan mako biyu ko uku ciwon ya dawo, ka sake biyan kuɗi.

Mu ɗauka faifan lafiyarsa ƙalau. Sai a rage masa masu damunsa. A shafin Startup na Task Manager akwai jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar. Kowace firinta da ka taɓa haɗawa, kowace manhajar sauke bidiyo ko tura fayil daga waya, ta bar ɗan aikenta a can, kuma da safe dukkansu suke rububin faifai ɗaya. Ka kashe duk wanda ba ka buƙata a buɗewar farko. Manhajar kariya daga bairos kuma guda ɗaya ta isa. Na sha ganin kwamfutar shago da biyu ko uku, wata ma wa'adinta ya ƙare tun tuni, kowacce tana bincikar kowane fayil da aka taɓa, har suna bincikar juna. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya wadatar in ana sabunta shi. Ka sa ya yi cikakken bincike da dare, domin shago irin naka, inda filash daga Sakkwato da Ƙonni da Tawa ke shiga kullum, ba ya rasa bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, shi ma yana cin nasa rabon faifan a ɓoye.

Za ka ji ana cewa a kashe SysMain da Windows Search. Na farkon aikinsa shi ne ya lura da manhajojin da ka saba buɗewa ya ɗora su a RAM tun kafin ka nema, na biyun kuma yana bin fayiloli yana rubuta fihirisa domin bincike ya yi sauri. A kwamfuta mai ƙaramar RAM da tsohon faifai, wani lokaci wahalarsu ta fi amfaninsu. Amma kada ka kashe su don an ce. Ka ga sunansu a saman jerin Processes tukuna, ka dakatar da ɗaya, ka yi aiki kwana biyu, in ba ka ga bambanci ba ka mayar da shi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi maganin ba. Ka kuma san cewa a Windows 10 danna Shut down ba ya wanke kwamfutar gaba ɗaya, yana adana wani sashe ne domin tashi da sauri. Restart ne ke farawa daga tushe, ka riƙa yin sa ko sau biyu a mako.

Batun foldar hotuna kuwa, ina kyautata zaton ka tara dubban fayiloli a wuri ɗaya, kuma an saita ta tana nuna ƙananan hotuna. Duk sanda ka buɗe, kwamfutar na ƙoƙarin leƙa kowane hoto ta zana ɗan ƙaraminsa. Tana da wurin da take adana waɗannan ƙananan hotuna don kada ta maimaita aikin, kuma wannan wurin yana cikin abubuwan da manhajar share-share ke gogewa a matsayin shara. Ka ga ke nan kullum sai an sake daga farko. Ka raba foldar shekara-shekara, kowace shekara wata-wata, ka mai da yanayin nunin zuwa Details, sai foldar watan da kake ciki kaɗai ka bari da hotuna. Ka dubi sararin da ya rage a C. In sandar ta koma ja, ƙasa da kashi goma cikin ɗari ya rage, kuma a irin wannan matsi sabon fayil ba ya samun wuri a jere, sai a yayyanka shi a cusa a ramuka dabam-dabam, hannun faifan ya yi ta yawo kafin ya haɗa shi. Ka fitar da finafinai da tsofaffin ayyuka har kashi ashirin ya samu, sannan ka buɗe Optimize Drives ka bar shi ya jera abubuwa da dare, in akwai tabbacin wuta.

Kwafin filash da ke tsayawa a tsakiya shi ne ya fi sauƙin bayani, ko da yake shi ya fi ɗaure maka kai. Gudun da kake gani a farko ba gudun filash ba ne. Bayanin yana fara taruwa ne a ma'ajiyar wucin gadi, a RAM da kuma ɗan wurin gaggawa da ke cikin na'urar, sai sandar ta nuna kamar aiki na tafiya da sauri. Da wurin ya cika, dole a jira filash ɗin ya haɗiye abin da aka riga aka ba shi, a nan ne kake ganin kamar ya mutu. Gudun da ya biyo baya shi ne na gaskiya, kuma filash mai araha sau da yawa ba ya rubuta fiye da megabait 5 zuwa 10 a sakan. In ƙananan fayiloli ne da yawa, kamar hotunan fasfo ɗari biyar, abin ya fi haka lalacewa, domin kowane ɗaya sai an buɗe masa shafi a rajistar filash ɗin an rufe. Ka dunƙule su cikin fayil ɗin zip guda ɗaya ka tura, za ka ga bambanci. Ka kuma duba ramukan laftof ɗinka. Mai shuɗin harshe a ciki shi ne USB 3, baƙin kuwa galibi USB 2 ne, wanda ba ya wuce kimanin megabait 35 a sakan komai kyawun abin da ka soka masa.

Akwai kuma filash na jabu, kuma sun yi yawa a kasuwanninmu. An rubuta giga 64 a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali abin da ke ciki bai wuce 8 ba. Yana karɓar kaya ba musu, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da fayiloli sun lalace. Wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw tana cika filash da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka girmansa na gaskiya da gudunsa. Duk sabon da ka saya don ajiyar shago ka gwada shi kafin ka ba shi amana. In kuma babban bidiyo ya ƙi shiga filash alhali akwai wuri, tsarin FAT32 ne, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga 4. A mai da shi exFAT, bayan an kwashe abin da ke ciki.

Wannan jinkirin rubutu yana da haɗarin da ya shafe ka kai tsaye. Abin da ke ma'ajiyar wucin gadi bai sauka a faifai ba tukuna, in wuta ta yanke a wannan lokacin ya tafi. Tun daga sigar 1809, Windows 10 tana saita na'urorin waje a kan Quick removal domin rage wannan haɗari, amma duk da haka ka riƙa danna Eject, komai hanzarin kwastoman da motarsa ke shirin tashi. A faifan ciki kuwa, in ka bi Device Manager zuwa Disk drives, ka buɗe Properties sannan Policies, za ka ga akwati biyu. Na sama, mai kunna ajiyar rubutu, ka bar shi da alamarsa. Na ƙasa, mai hana Windows tilasta sauke abin da aka tara, kada ka taɓa shi ko da wani ya rantse maka yana ƙara gudu. An yi shi ne domin injinan da wutarsu ba ta yankewa. Laftof ta hannu sau da yawa batirinta ya gama aiki, ana ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe take mutuwa. Tsarin NTFS da Windows ke amfani da shi tun 1993 yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, don haka yakan gyara rajistarsa bayan irin wannan faɗuwa, amma ba ya dawo da takardar da kake tsakiyar adanawa. A wurinka sabon batir ko ƙaramin UPS yana cikin maganin nauyin kwamfuta, domin kowace mutuwar ba-zata tana barin ɓarnar da sai an bi an gyara a tashi na gaba.

Ga zafi. A watan Afrilu da Mayu ƙasar Sakkwato tana haura digiri 40 a inuwa, shago mai rufin kwano ya fi haka, ga ƙurar hunturu da ta manyan motocin da ke jerin gwano a hanyar boda. Ƙurar nan tana toshe fankar laftof, kuma in ƙwaƙwalwar injin ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. In ka lura kwamfutar ta fi nauyi bayan azahar fiye da safiya, ka zargi zafi. CrystalDiskInfo yana nuna zafin faifai, in yana haura 50 akai-akai, a buɗe laftof ɗin a busa ƙurar a sabunta man da ke kan ƙwaƙwalwar. Ka ɗaga bayanta kaɗan daga tebur iska ta ratsa, kada a ɗora ta a kan darduma ko katifa. Kuma kada a ɗauke ta ana jijjigawa tana kunne, hannun faifan nan yana shawagi ne dab da farantin.

Duk waɗannan za su sauƙaƙa, amma in ka tambaye ni inda kuɗinka zai fi amfani, amsata ita ce nau'in faifan da ake kira SSD. Ba ta da faranti ba ta da hannu, tana karanta kusan megabait 500 a sakan, ƙananan buƙatu kuwa gomman dubbai, kuma ba ta damu da jijjiga ba. Laftof ɗin da ke ɗaukar minti biyar kafin ta tashi tana iya komawa ƙasa da minti ɗaya. Mai inci biyu da rabi tana shiga daidai ramin tsohon faifan a yawancin laftof irin taka. Giga 256 ta ishi Windows da manhajojinka da aikin shekara. Tsohon faifan, in lafiyarsa ƙalau, a sa shi a ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiyar tsofaffin hotuna. In da hali ka ƙara RAM ta kai giga 8, in kuwa ɗaya kaɗai aljihu zai ɗauka yanzu, SSD ta fara. Ana samunsu a wurin masu kayan kwamfuta a Sakkwato, ko Beirut Road a Kano in kana da mai zuwa. Ka nemi sananniyar alama, ka buɗe CrystalDiskInfo a gaban mai sayarwa ka ga awa nawa ta yi aiki, domin ana sayar da tsohuwa da sunan sabuwa. Su ma masu arahar suna da ɗan wurin gaggawa da ke cika in an tura musu babban kaya a lokaci ɗaya, gudun ya faɗi, wannan ba lalacewa ba ce. SSD ba a yi mata difirag, Windows ta san yadda take kula da ita.

Fomatin yana da ranarsa. In bairos ya ci ƙarfin Windows, ko ka sa sabuwar SSD, ɗora sabuwar Windows tsaf ya fi kwaso tsohuwar da tarkacenta. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ka sa mai gyaran ya duba ko injin zai ɗauki Windows 11 ta hanyar da ta dace. In ba zai ɗauka ba, ka rage shiga intanet da shi ga abin da aiki ya wajabta, ka sa batun canji a lissafinka na gaba.

Ranar da za ka kai ta gyara, ka tuna abin da ke cikin faifan nan: hotunan matan mutane, katin shaidar ɗan ƙasa, takardun kaya da na banki na 'yan kasuwar da suka yarda da kai. Ka zauna a yi aikin a gabanka, tsohon faifan kuma ka karɓo abinka a hannu, ko da an ce ya mutu. Fomatin na gaggawa ba ya goge bayanai da gaske, akwai manhajojin da ke dawo da su. In faifan ya lalace har ba zai ƙara amfani ba, bayan ka tabbatar kayanka sun buɗe lafiya a sabon wurin, ka sa a huda shi da ƙusa ko a fasa farantin kafin a jefar.